Kiɗan da Na Yi wa Uwar Zulai

Kun zo ku uku a kan babur ɗaya, kun ce in buga muku kiɗan mutuwa na minti biyu za ku sa a fim ɗinku, kuma kuna so kafin la'asar. Wannan mai jar hular har cewa ya yi ai abu ne mai sauƙi, a dai ja shi a hankali, a sa tsirkiya ta riƙa karkarwa. To ku zauna tukuna. Irin wanda kuke so ɗin nan na taɓa yin sa, kuma saura kaɗan in ƙarasa wata baiwar Allah da shi.

Shekara talatin da 'yan kai ina tsara kiɗa da jita. Jita kaɗai, ba waƙa, ba ganga, ba 'yan amshi. Ni ba maroƙi ba ne, ban taɓa tsayawa a gidan biki na kira sunan kowa ba. Masu wasan kwaikwayo na rediyo su ne mutanena na farko, sai masu shirin lafiya, daga baya ku 'yan fim kuka shigo. Yawancin abin da ake nema a wurina na baƙin ciki ne, don na murna kowa ya iya. Da damina kuwa manomi ne ni kamar kowa a garin nan, gero da gyaɗa da wake.

Wani hantsi ina zaune a soron nan wani mutum ya yi sallama. Malam Hudu sunansa, manomin albasa ne daga wani ƙauye gabas da Ɗambatta. Muka gaisa, ya daɗe yana murza gefen tabarma kafin ya yi magana.

“Malam Habu, kai ne mai kiɗan da ake sawa kafin wasan rediyo na ranar Laraba?”

Na ce ni ne.

“'Yata ce ta rasu, Zulai. Amai da gudawa, kwana biyu kacal ta yi. Yau kwana ashirin da ɗaya.”

Na yi masa ta'aziyya, ya amsa, ya ce amma ba wannan ne ya kawo shi ba. Uwar yarinyar ce, Kande. Tun ranar da aka fita da gawar ba ta ci abin kirki ba. Ruwa, sai kunu in an matsa mata, shi ma ta yi kurɓa biyu ta ture. An kai ta asibiti an ƙara mata ruwa, likita ya ce bai ga ciwon komai ba. Kuma ko ɗigon hawaye ba wanda ya ga ta yi.

Ku yaran birni wataƙila ba ku tarar da wannan ba. Zulai 'yar fari ce. A ƙauyukanmu har yanzu akwai matan da ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa yabonsa, ba sa nuna sun damu da shi ko da yana kwance. Kunya ce, haka iyayensu suka yi. Kande ba ta taɓa cewa Zulai ba, sai dai “ke” ko “yarinyar nan”. Da yarinyar ta rasu sai ta zauna a kan tabarmar makoki idonta a bushe, mata suna shigowa suna cewa Kande akwai kara, Kande akwai tawakkali. Kowa ya yaba mata ya tafi gidansa ya ci tuwo, ita kuma tana ramewa.

Na ce, “Liman bai yi mata magana ba?”

“Ya yi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya gaya mata hawaye ba laifi ba ne, ihu da yage tufa aka hana. Ta ce ta ji, ta gode. Shi ke nan.”

“To ni me zan yi da Liman bai yi ba?”

Ya ce duk Laraba su biyun, uwa da 'ya, suna sauraron wasan nan, wannan a bakin murhu, waccan a bakin ɗaki, Zulai tana bin kiɗan da hanci. Tun rasuwar, in kiɗan ya taso a rediyon maƙwabta, Kande takan tashi ta shige ɗaki. Shi kaɗai ne abin da ya ga yana motsa ta. “Shi ne na ce ko in ka yi mata nata, Allah zai sa abin da ya tokare mata ya sauka. Malam Habu, in ta ƙara wata ɗaya a haka, binne ta za mu yi.”

Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Na ce ya ba ni kwana bakwai.

Ga jitar da na yi aikin da ita nan a jingine, ku dube ta da kyau. Ba irin mai wayar ƙarfe ba ce da kuke gani a hannun 'yan ƙwalisa. Wannan tsirkiyarta ta nailan ce, muryarta a ƙasa take, ba ta da kaifi. Guda uku na sama in sun tsinke, zaren fatsa nake saye a wurin masuntan madatsar ruwa, in gwada kaurinsa da haƙori. Uku na ƙasa masu naɗin waya kuwa sai Kano, shi ma sai an dace. Da bazara katakon yakan nemi ya tsage, sai in ajiye ta a ɗakin ƙasa kusa da randa. Da damina wuyanta yakan lanƙwashe. Ba ranar da za ka ɗauke ta ka same ta yadda ka bar ta jiya.

Amma babban kayan aikin ba ita ba ce, farce ne. Na hannun dama guda huɗu ana barinsu su ɗan wuce tsokar yatsa, kamar faɗin ƙwayar gero biyu, a goge su da samfefa mai laushi har su yi sulɓi. Na hagu kuwa a yanke tas. Kun ga matsalar? Mutum yana riƙe fartanya tun asuba, ranar Juma'a kuma kowa yana yanke farce, kai kana ɓoye hannu a aljihu. Mahaifina har ya koma ga Allah bai daina cewa in yanke ƙazantar nan ba. Ni dai ina rage su kafin kwana arba'in su cika, ina wanke ƙarƙashinsu da kyau a alwala, in zan shiga gona in naɗe su da tsumma.

Wanda ya koya mini Malam Bitrus ne, mutumin Filato, malamin kiɗa a kwalejin horon malamai inda na yi karatu. Shi ya nuna mini yadda ake rubuta kiɗa da ɗigo-ɗigo a kan layi biyar. Har yau a littafin 'yan firamare nake ja layukana da rula. Wata shida na farko bai bar ni na buga abin da za a kira kiɗa ba. Tsirkiya ɗaya zan taɓa, in bar ta ta yi ƙara, sannan in kashe ta da gefen tafi daidai lokacin da ya ɗaga cokalinsa, don yana cin abinci yake koya mini. In na makara ya ce sake. In na riga shi ya ce sake. Ya ce tayar da sauti ko akuya ta taka jita za ta tayar, kashe shi a kan kari shi ne sana'ar. A lokacin gani nake mugunta ce kawai irin ta malamai.

To na zauna na yi wa Kande kiɗa, na zuba duk abin da na iya. Na fara daga can ƙasa na hau da shi sama a hankali, na sa yatsu uku suna bin tsirkiya ɗaya da sauri har ta riƙa karkarwa kamar muryar mai shessheƙa. A tsakiya na sa ya tsaya cak ya sake fashewa. Matata tana tankaɗe a tsakar gida sai da ta share ido, na ce a raina aiki ya yi. Na rufe tagar ɗaki da bargo, na ɗauka a waya, aka tura a mimori, na aika wa Malam Hudu ta hannun wani direban motar Ɗambatta.

Bayan kwana uku ya dawo. Tun daga yadda ya jingine kekensa na san ba lafiya.

“Ta saurara?”

“Rabi ta ji, ta ce a kashe.”

“Ta ce me?”

“Ta ce wa ya gaya wa mai kiɗan nan tana jayayya da Ubangiji? Shi ya ba ta, shi ya karɓi abinsa. Ta ce ashe kallon marar tawakkali ake yi mata, shi ya sa aka aiko mata da kururuwa har ɗaki.” Sannan ya ce, “Tun ranar ko kunun ta daina karɓa. Yanzu a zaune take salla.”

Kunya ta kama ni, tsoro kuma ya fi kunyar. Na yi kiɗan ne yadda nake ganin ya kamata uwa ta ji, ban tambayi ko wace ce uwar ba. Matar da ta yi shekara goma sha takwas tana haɗiye sunan 'yarta, ni kuma na aika mata da ihu. Na ce wa Malam Hudu ya ba ni lokaci, amma ni kaina ban san abin da zan yi da lokacin ba.

Shekarar nan ba ta yi wa kowa daɗi ba. A satin nan ciwon amai da gudawar ya iso garinmu, muka zama kusan kullum muna maƙabarta. Ga damina ta zauna, ƙasa ta jiƙe ta yi danƙo. Wanda ya san haƙar kabari ya san diga da shebur ba sa gamawa, ƙaramin ramin ciki da hannu ake share shi, da hannu ake jera itace, da hannu ake cuɗa laka a toshe. Ba ka cewa a dakata ka naɗe yatsa alhali ga maƙwabcinka a kan makara. Ranar farko farce biyu suka karye, kafin sati ya zagayo ba ko ɗaya, na manuniya ma har cikin nama ya tsage. Masu rediyo suka aiko ana son sabon kiɗa, na ce su nemi wani. Na ɗauki jita na gwada, sautin ya fito a dushe. Karkarwar nan da nake taƙama da ita ba ta yiwuwa da tsoka.

Sai na hau keke na tafi garin su Malam Hudu in ba shi haƙuri, in gaya masa ya nemi wata hanyar tun da sauran lokaci. Na same shi a soro da hantsi. Na nuna masa hannuna, ya duba. Muna zaune haka sai aka fara daka a gidan da ke jikin nasu, mata biyu a turmi ɗaya, wannan ta sauke wannan ta ɗaga.

Malam Hudu ya ce, “Da a gidan nan ake farawa. Sai sun ji namu suke tashi.”

Na ce su wa?

“Kande da yarinyar. Kakar yarinyar ce ta riƙe ta, da tsohuwar ta rasu ta dawo hannunmu tana 'yar shekara goma. Tun daga lokacin ban taɓa jin sun zauna sun yi hira ba, sai miƙo wannan, kai wancan. Amma in suka kama taɓarya, sai ka rantse mutum ɗaya ne mai hannu huɗu. In sun yi faɗa a dakan nake ganewa, in sun shirya ma a nan nake ganewa. Ga injin niƙa a bakin kasuwa, na ce su huta, suka ƙi.”

“Yanzu ina turmin?”

“Yana nan a kife tun ranar.”

Ban ba shi haƙurin da na zo bayarwa ba. Na zauna har matan can suka gama, ina ƙirgawa da yatsa a kan gwiwa. Na tambaye shi yaushe ne arba'in, ya ce saura kwana huɗu. Na ce zan zo washegarinta, da kaina, ba mimori.

Kwana huɗun nan su ne aikin da ya fi kowane ba ni wuya, kuma in kuka ga takardar za ku yi dariya, don rabin shafi ce. Babban yatsa a kan tsirkiya mafi kauri, shi ne taɓaryar uwa. Manuniya a kan ta tsakiya, ita ce ta 'yar. Su yi ta karɓeɓeniya, a samansu wata 'yar murya mai sauti huɗu tana saukowa kamar yadda murya take sauka in ana gaisuwar ta'aziyya. Rashin farcen ma ya taimaka, don taɓarya a kan gero ba ƙara take yi ba, dum take yi. Sai can an yi nisa, manuniya ta daina. Babban yatsa ya ci gaba shi kaɗai.

Wurin nan ne sana'ar take. Hannu ba ya son gurbi, da kansa yake kai yatsa ya cike, sai ka hana shi. Dole ka kashe tsirkiyar da gefen tafi daidai inda bugun 'yar ya kamata ya faɗo, don a ji babu ɗin sosai. A nan na yi wa Malam Bitrus addu'ar alheri. Kuma babban yatsa ba zai rage sauri ba, ba zai ƙara ƙarfi ba. In ya rage, ya zama neman tausayi. In ya ƙara, ya zama fushi, an koma jayayyar da ta ce ba ta yi. Zai dai ci gaba da aikinsa, gurbin yana nan kowa yana ji, har ya sauka a kan sautin da ya fara da shi. Iyakar abin da na sani ke nan game da yadda ake sa imani a cikin kiɗa, kuma ba a makaranta na koye shi ba.

Ba a kiɗa a gidan da aka yi rashi, kun sani. Don haka na sa jitar a buhun taki na ɗaure a bayan keke, na isa da hantsi lokacin maza duk suna gona. Malam Hudu ya shiga ya fito, ya ce tana kwance a rumfa a bayan katangar soron, ƙanwarta tana tare da ita. Bai gaya mata komai ba, kada ta ce a kore ni. Na zauna a ƙasa kusa da ƙofar ciki, na yi bisimilla, na fara a hankali yadda ba zai wuce gidan ba.

Na buga har ƙarshe. Ba abin da ya motsa, sai kaji. Na jira, Malam Hudu ya sunkuyar da kai, na jawo buhu zan mayar da jitar. Sai na ji murya daga bayan katanga, a shaƙe, da kyar take fita.

“Malam.”

“Na'am.”

“Ba haka take yi ba.”

Na ce a raina na sake ɓatawa.

“Ka sa tana jirana. Ita ba ta jira. Kafin in gama ɗaga tawa ta sauke tata, kullum sai na ce za ta fasa mini hannu. Sake.”

Na sake, na matso da bugun manuniya gaba kaɗan.

“Ƙara.”

Na ƙara. Yanzu kiɗan ya ɗan karkace, ɗaya yana taka ƙafar ɗaya. Da a gaban malamina ne da ya ce sake. Na yi zagaye biyu a haka.

“Haka,” in ji ta. “Haka Zulai take yi.”

Malam Hudu ya ɗago ya dube ni, bakinsa a buɗe. Ni kuwa na iso wurin da ya kamata in cire manuniya, na kasa. Na zagaya na koma farko, na sake zagayawa, taɓarya biyu suna ta tafiya. Yatsan da ya tsage ya fara jini a kan tsirkiya, ban tsaya ba, don ban ga yadda zan ɗauke mata yarinyar a karo na biyu ba. Ban san sau nawa na zagaya ba.

Ita ce ta ce, “Ya isa, Malam. Sake ta. Allah ya ji ƙanta.”

Na ɗaga yatsan. Babban yatsa ya ci gaba shi kaɗai, ina kashe gurbin da tafi, har na sauka. Tun kafin in sauka muka fara jin kukan. Ba ihu, ba kururuwa, kuka ne na babbar mace, a hankali, tana kiran sunan tana yi mata addu'a. Mu biyu muka zauna muna kallon ƙasa. Ya ɗauki lokaci mai tsawo, har inuwar ƙofa ta matsa.

Can ƙanwar ta leƙo, idonta jawur, ta ce wa Malam Hudu, “Yaya ta ce akwai sauran gasara? In akwai a dama mata koko, amma da sukari take so, kuma babu a gidan.”

Malam Hudu ya tashi ya nufi kanti. Sai da ya sha kwana na lura takalmansa suna nan a bakin tabarma.